Kanyar Genzo da Ƙullin Tomoe

Tun yana saurayi Genzo Shiozawa yake shanya kanya, amma bai taɓa sayar wa kowa hannu da hannu ba. Kanyar kwarinsu manya ce, kowace ta kai dunƙulen hannu. Idan kaka ta yi sai ya tsinko, ya fere, ya rataye a igiya ƙarƙashin rumfa, iskar dutse ta busar. Yana bi yana matsa kowace da yatsa har ta yi laushi, farin garin zaƙi ya fito mata a jiki. Daga nan motar ƙungiyar manoma ta zo ta kwashe. Wanda ya ci bai san sunan Genzo ba. Shi ma bai nemi a sani ba.

Shekarar da matarsa ta rasu, 'yarsa Tomoe ta dawo daga birnin Nagoya. Ta ga gwiwoyinsa sun fara ƙin tsani, ta ga abin da ƙungiya ke ba shi bai kai wahalar ba. Sai ta zo da shawara. Za su riƙa jera kanyar a ƙananan akwatunan katako, a naɗe da takarda, a ɗaure da zaren takarda irin na garinsu, ja da fari. Ƙarshen shekara na zuwa, lokacin da kowa ke kai kyauta ga wanda ya yi masa alheri.

"Wurin aiki sun ba ni hutu zuwa bazara," in ji ta. "In abin ya kama, na zauna. In bai kama ba, dole in koma, Baba."

"Ki yi yadda kika ga dama," ya ce.

Ba haka ba ne a ransa. In ta koma, shi kaɗai zai rage a gidan, kuma itatuwan da ubansa ya dasa sai dai a sare. Amma bai saba roƙo ba, bai kuma ga dalilin farawa da 'yar cikinsa ba.

Suka kafa tebur a kasuwar Asabar da ke gaban tashar jirgin ƙasa. Wata mata baƙuwa ta ɗauki akwati, ta juya shi, ta tambaya ko kanyar da daɗi. Genzo ya rusuna.

"Ba wani abin kirki ba ne. Bana ma ba ta yi kyau sosai ba."

Haka ake faɗa a garinsu idan ana miƙa kyauta, kuma haka ya ji ana faɗa tun tashinsa. Matar ta ajiye akwatin a hankali, ta yi godiya, ta wuce.

"Baba!" Tomoe ta dafe kai. "Sayarwa fa muke yi."

"Ba ke kika ce kyauta ce ba?"

"Wanda ya saya, shi zai ce ba abin kirki ba ne in ya je miƙawa. Kai naka ka ce tana da kyau."

"In tsaya tsakiyar kasuwa ina yabon kaina kamar mai tallar magani? Ba da ni ba."

Sakuji, maƙwabcinsa mai sayar da kayan lambun da aka jiƙa a gishiri, yana teburin gefe yana ta dariya.

"Ci gaba da zagin kayanka, Genzo! Duk wanda ka kora wurina yake faɗowa. Gobe ma ka zo da wuri."

"Rufe min baki, mai warin tsami."

Ranar kaɗan suka sayar. Asabar ta gaba Genzo ya zo da wuƙarsa. Bai yabi komai ba, bai kushe komai ba. Duk wanda ya tsaya, sai ya yanka masa ɗan yanki ya miƙa a tsinke, ya kawar da kai. Masu ɗanɗanawa da yawa suka saya. Ya koyi abu ɗaya, cewa bakin mai saye ya fi bakin mai sayarwa iya talla. Tomoe kuma tana ɗora hotuna a waya, masu saye na aiko da saƙo jefi-jefi. Ciniki ya ɗan motsa, amma bai kai ya riƙe mutum biyu ba. Dukansu sun san haka, ba wanda ya furta.

Ana nan sai Uwargida Hirasawa ta aiko a kai mata samfur. Ita ce mai babban masaukin da ke wurin maɓuɓɓugar ruwan zafi a ƙasan kwari. Baƙinta ba sa tafiya sai da tsaraba, kuma ita kanta tana aika wa tsofaffin baƙi kyautar ƙarshen shekara. In ta karɓa, sun tsaya da ƙafafunsu.

A mota Tomoe ta yi ta koya masa.

"Ka ce zaƙi, ka ce laushi, ka ce babu irinta. Shi ke nan."

Ya kawar da kai yana kallon gefen hanya.

"To in ba za ka iya ba, ka bar ni in yi magana. Don girman Allah kada ka ce bana ba ta yi kyau ba."

Aka zaunar da su kan tabarma, aka kawo shayi. Uwargida Hirasawa sa'ar Genzo ce, ƙarama, mai kaifin ido. Ta ci kanya ɗaya, ta goge yatsu, fuskarta ba ta nuna komai ba. Tomoe ta fara bayani, ta ɗaga mata hannu.

"Kanya kowa a kwarin nan yana da ita, 'yata. Wasu ma sun riga ku kawowa, tasu ma ba laifi."

Ta jawo akwati na biyu wanda ba a buɗe ba. Ta daɗe tana kallon ƙullin da ke kansa, zare ja da fari an murɗa shi kamar furen da ya buɗe. Ta dubi Genzo.

"Dattijo, wa ya yi wannan?"

Amsar tana bakinsa, a shirye. Wannan sakarar 'yar tawa ce, wasa take yi. Haka ubansa ke cewa a kansa gaban baƙi, haka shi ma ya yi ta cewa kan girkin matarsa har ta mutu. Mutumin kirki ba ya yabon nasa. Ya waiwaya ya ga Tomoe ta riga ta sunkuyar da kai tana jiran maganar, kamar mai jiran ruwan da ta san zai sauka. Hannayenta suna kan gwiwa, yatsun duk zare ya yayyanka.

Ya gyara zama.

"Kanya tawa ce. Kin ci, ba zan ce komai a kanta ba. Ƙulli na 'yata ne." Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. "Ba ta ɗaure akwati sai ta tambayi inda za shi. Na haihuwa ta yi masa ƙullin da ke kwancewa, don ana so a sake samun irinta. Na aure da na wanda ya tashi daga ciwo, ta yi wanda ba ya kwancewa, don ba a so a maimaita. Ina kallonta tana warware wanda ni ban ga laifinsa ba, ta sake daga farko. Ki zaga kwarin nan kaf. In kika sami hannun da ya fi nata, kawo akwatin in cinye shi da katakonsa."

Kunnuwan Genzo suka yi zafi. Can sai Uwargida Hirasawa ta rufe baki da hannun riga tana dariya.

"Ikon Allah. Na tsufa ban taɓa jin namijin kwarin nan ya yabi 'yarsa a gabanta ba. Ba ka jin kunya, dattijo?"

"Ina ji. Amma gaskiya ce."

"To na ji." Ta juya ga Tomoe. "Zan karɓa, da sharaɗi. Ba na son akwati ɗaurarre daga gida. Ki riƙa zuwa ƙarshen mako, ki zauna a zaure, ki tambayi baƙo inda kyautarsa za ta, ki ɗaure a gabansa. Idan kanya ta ƙare, akwai shayi da zuma da sauran kaya, su ma suna son ƙulli. Za ki iya, ko birni na kiranki?"

Tomoe ta kai goshi ƙasa. "Zan iya, Uwargida."

Suka kamo hanya, mota na hawa dutse. Tomoe ce ke tuƙi.

"Baba, me ka ce ɗazu? Ban ji sosai ba."

"Kin ji."

"Wai za ka ci katako."

"Kalli hanya, kada ki jefa mu rami."

Ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu. Da suka kai kwanar da ake hango gonarsu, ta rage gudu.

"Itatuwan nan sun tsufa. In ƙanƙara ta narke sai mu dasa sababbi."

"Kin san shekarun da kanya ke yi kafin ta fara 'ya'ya?"

"Na sani."

Genzo ya daɗe yana kallon gangaren. Sannan ya nuna da haɓa.

"Ta gabas za mu dasa. Can rana ta fi."