Girbin da Kawu Sarel Bai Shinshina Ba

"Da wannan kwalbar dai ba za ki shigar mini gida ba," in ji Inna Mieta. Ta tokare ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da tsumman goge kwano.

Delmarie ta ja ta tsaya a kan dakali, kwalbar na naɗe cikin tawul. Shinge ɗaya ne tsakanin gidajensu a kwarin Waboomskraal, kuma tun tana rarrafe take shiga gidan nan. Yau ne karo na farko da aka tare ta, abin kuwa ya yi mata zafi.

"Inna, shi fa ya aika a kira ni."

"Na sani. Ciwo ne ke magana, ba shi ba."

Daga ɗaki muryar mijinta Kawu Sarel ta fito, siririya amma da sauran tsiya a cikinta. "Mieta, bar yarinya ta shigo mana. Kin tsaya kamar ɗan sanda."

Shekara arba'in da shida Kawu Sarel ya yi a gonar hop, tsiron nan mai hawa igiya wanda furensa ke ba giya ɗaci da ƙamshi. In kaka ta matso, sai ya tsinki fure ya murza a tafin hannu har garin nan mai ruwan ɗorawa ya fito, ya shaƙa, ya ce, "Saura kwana biyu." Mai gona ba ya fitar da tarakta don girbi sai ya ji daga bakinsa. Amma fa ko ɗigon giya bai taɓa shiga cikinsa ba. Giya ce ta kashe mahaifinsa a zamanin da ake sallamar leburorin gona da ita, shi kuma yana ɗan shekara goma sha biyar ya rantse a bakin kabarin.

Bana ciwo ya kwantar da shi tun watan Janairu, ya kuma tafi da hancinsa, ba ya jin ƙamshin komai. Aka yi girbi ba shi. Mutuwar da likita ya ce ta kusa ba ta dame shi kamar wannan ba. Kullum tambayarsa ɗaya ce, ko ma'aikatan gonar sun tsinke furen a kan lokaci. Delmarie kuwa da furen bana ta dafa giyar da take yi a rumfar bayan gidanta, mai ƙarfi, mai ɗacin da mutanen Cape Town ke tuƙo mota su zo nema.

Ta same shi jingine da filo uku, ya ƙare sai ido. Ta zuba giyar a kofin gilashi, kumfa ta taso fara sol. Ya kai hanci ya ja numfashi, ya sake ja.

"Wayam," ya ce. "Hancin ya riga ni tafiya. Amma harshe yana nan. Miƙo."

Ya karɓa. Delmarie ta ga ya nufi baki da kofin, sai ta ji da ma ba ta zo ba. Tana so ya san gaskiyar girbinsa, amma ba ta so a ce giyarta ce ta karya rantsuwar shekara sittin.

Inna Mieta ta tako ta zare kofin daga hannunsa.

"Kai ka rantse, Sarel. Ni ban rantse wa kowa ba."

"Ke? Ke da ko ƙofar rumfar yarinyar nan ba kya bi?"

"Yi mini shiru. Delmarie, yaya ake shan wannan masifa?"

"Ki fara shinshinawa, Inna. Sannan ki kurɓa kaɗan, ki riƙe a baki. Kada ki kwankwaɗe kamar ruwan randa."

Tsohuwar ta zauna a bakin gado, ta gyara ɗankwalinta kamar mai shirin shiga coci, ta kurɓa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya.

"Wayyo ni! Wannan mutane ke sha da gangan?"

Kawu Sarel ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Bar ɗacin, shi ne sallama. Me ya biyo baya? Kin ji ɗanyar ciyawa? In akwai, sun yi gaggawa."

Ta sake kurɓa. "Babu ciyawa."

"Albasa fa? In akwai albasa, sun makara."

"Babu albasa. Akwai gwaiba. Gwaibar da ta nuna a bishiya. Sai kuma ɓawon lemo can ƙasan maƙogwaro."

"Sai me?"

 Ta kurɓa na uku ba wanda ya sa ta, ta daɗe kafin ta haɗiye. Delmarie ta ga idonta ya kawo ruwa.

"Sai rigarka," ta ce a hankali. "Rigarka ta aiki in ka dawo ranar farkon girbi. Shekara nawa ina wanke ta ina mita. Ita ce sak, Sarel."

Ya rufe ido, ya sauke numfashi mai tsawo. "To, sun yi daidai. Ashe sun koya." Can ya buɗe ido ɗaya. "Delmarie, karɓe kofin nan kafin matata ta zama 'yar giya."

Kwana uku bayan nan ya cika, da hantsi, Inna Mieta na shafa masa mai a ƙafa. Ranar Asabar aka binne shi kusa da mahaifinsa. Delmarie ta yi kuka sosai, har ita kanta ta yi mamakin yawansa.

Ranar Litinin tana wanke tukunyar dahuwa ta ji motsi a ƙofar rumfa. Inna Mieta ce cikin baƙaƙen kaya, da kofin shayinta mai tsagaggen baki.

"Ɗan kaɗan. Ba sha zan yi ba."

Delmarie ta zuba mata rabi. Tsohuwar ta zauna a kan akwatin kwalabe tana fuskantar gonar da aka riga aka girbe, igiyoyi na lilo ba ganye. Ta riƙe kofin da hannu biyu a ƙarƙashin hancinta, tana nan zaune har kumfar ta kwanta.