Akwatin da Ba Ya Bin Sukwaya

Ni kafinta ne. Tun ina yaro ban taɓa fitar da karkataccen aiki daga shagona ba. Duk layinmu an san haka, domin ina faɗa.

Autata tana koyarwa a jami'a. Aikinta binciken kwalastarol ne, maiƙon nan da likita ya ce ya yi mini yawa a jini. Ta zo shago da zane a hannu.

"Baba, akwati nake so, firam kawai, ba bango. Idan maiƙon ya daskare kamar gishiri, ƙwayoyinsa kan jeru takwas-takwas cikin irin wannan ɗaki. Zan rataya samfurinsu ciki in nuna wa ɗalibai."

Na dubi zanen. Babu kusurwa ɗaya da ta tsaya daidai. Na ce a raina, yarinya ta yi boko har hannunta ya manta layi. Ban kunyata ta ba. Na ɗauki sukwaya, ma'aunin kusurwa, na gyara mata a ɓoye. Akwati ya fito tsaf.

Da ta gani sai ta dafe kai.

"Baba, me ka yi?"

"Na gyara."

"Ai ba kuskure ba ne! Haka abin yake. Kusurwoyinsa duk a karkace suke, kuma damansa ba ya kama da hagunsa. Abin da zan koyar ke nan."

"Wa ya yi shi haka?"

"Wanda ya yi ka."

Na sake ɗaukar zanen.

Na rufe ƙofar shago don kada a gan ni. Karkata da gangan ta fi miƙewa wuya. Ina yanka, hannuna yana komawa daidai da kansa. Na ɓata katako mai kyau kafin na samu abin ya karkace yadda take so.

Na lulluɓe shi da tsumma na fito. Mai walda na kusa da ni, wanda na daɗe ina zagin ƙofofinsa, ya ɗaga tsumman.

"A'a! Tsoho, idon ne ya tafi ko hannun?"

"Na ilimi ne."

"To, ni ma ƙofofina duk na ilimi ne."

Na ce wa Auta sharaɗi ɗaya: kada kowa ya ji wanda ya yi. Ta ce to.

Ba ta faɗa wa kowa ba sai ɗalibai, da abokan aikinta, da shugabansu. Yanzu sun aiko a yi musu na 'yan uwan kwalastarol ɗin, kowanne da irin tasa karkatar.

Jiya wani ya tsaya a bakin layi yana tambayar shagon tsohon nan mai karkatattun akwatuna. Mai walda ne ya rako shi har ƙofa.