Muryar Kaset ɗin Ataba

Duk unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira an san Isam mai gyaran fanka da iya aiki, an kuma san shi da cika baki. Da zarar an kunna "Jira Ni a Madani" a wurin mai shayi, sai ya ajiye kayan aiki ya ce, "Ni ne nan na rera ta." Sai a kwashe da dariya. Muryar da ke cikin waƙar mai kauri ce, tana tafiya a hankali kamar ana lallashin jariri. Isam kuwa ɗan firit ne mai gaggawa, ko sallama a guje yake yin ta.

Amma fa gaskiya bawan Allah yake faɗa. Tun suna samari a Wad Madani ta Sudan, shi da abokinsa Tarig da wasu Hausawa biyu suka kafa ƙungiyar Samarin Kogi. Jita irin ta Turawa, ganga, baiti rabi Hausa rabi Larabci. Waƙar rawa ce, da zafinta suka buga ta, Isam na rerawa da 'yar siririyar muryarsa. Kaset ɗaya ya biyo wani ɗan kasuwa zuwa Alƙahira, ya faɗa hannun mai kwafar kaset a kasuwar Ataba wanda batirin rikodarsa ya yi sanyi. Kiɗa ya fito yana jan ƙafa, murya ta yi kauri. Daga wannan gurɓataccen kwafi aka yi ta kwafa, har ya koma Sudan masoya suna ta sharar hawaye. Ƙungiya ta watse, waƙa ta yi suna, Isam ya daina rerawa don haushi.

Dariyar mutane ba ta dame shi ba. Abin da ke ci masa rai shi ne 'yarsa Tagwa, wadda kan sunkuyar da kai don kunya duk lokacin da ya ɗauko zancen.

Da bikinta ya zo, uwar ango, Hajiya Mahasin, ta ce lallai a sa wannan waƙa ranar lalle, da ita aka yi nata auren. Isam ya ce ba za a sa a waya ba, mai ita yana raye.

"Baba, don Allah," in ji Tagwa. "A gaban surukaina fa."

"Khalas, magana ta ƙare, na riga na kira Tarig."

Bayan la'asar aka taru a saman bene. Tarig ya hau da kyar, jita a kafaɗa, yana haki. Isam ya tafa hannu. "Yalla, mu je, yadda muka yi ta tun asali!"

Suka ɗauka da gudu. Ba su kai ko'ina ba Hajiya Mahasin ta ɗaga hannu. "Ya Abu Tagwa, ma'alish, ka yi haƙuri, waƙar mutane ce kake ɓata mana. Wa ya biyo ku?"

Mata suka fara ƙus-ƙus. Tagwa ta kafa ido a kan lallen hannunta. Isam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Tarig ya matso kusa da kunnensa. "Ya zol, mutumina, ni ma yatsun nan ba sa bin saurinka. Sanyin ƙashi ya gama da su. Mu bi ta a hankali."

Ba don ya so ba, Isam ya bi. Ya ja numfashi ya buɗe baki, sai shi kansa ya firgita. Siririyar muryar nan ta tafi tuntuni. Tsufa da shisha da ƙurar Alƙahira sun yi mata abin da batirin Ataba ya yi. Muryar kaset ce sak take fita daga ƙirjinsa.

Hajiya Mahasin ta ajiye kofin shayi. Kafin a kai baiti na biyu tana amshi, hawaye na bin kumatunta. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Isam dai bai ga kowa ba, 'yarsa kawai yake kallo.

Wata daga cikin dangin ango da ta iso a makare ta zunguri amarya. "Ke, daga ina kuka samo wannan mutum?"

Tagwa ta miƙe tsaye, hannu a sama don kada lalle ya goge, ta faɗa yadda kowa zai ji.

"Babana ne."