Mutumin da ke Ƙarshen Gonar Shinkafa

Rhoda, ma'aikaciyar jinya, ta raba kitson Bintu da yatsa, ta shafa man nan mai sanyi a fatar kan, sannan ta manna wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Maman Rahmat, kwanakin sun zo ko?"

"Sun zo."

Ba sai an tambaya ba, idon Bintu ya riga ya faɗa. Kowane wata haka ne. Idan al'adarta ta kusa sai wani duhu ya sauko mata, ƙarar cokali a kwano ma ta ji kamar a cikin kanta ake bugawa. Ta yi kuka, ta yi zagi, ta tsani kowa har da kanta. Da jinin ya zo shi ke nan, ta koma Bintun da kowa ya sani, sai dai kunya. Mijinta Ajimi kaɗai ya iya da ita, yakan saɓi 'yarsu Rahmat su fita zaga gari, ya dawo da soyayyen kifi. To, Ajimi ya tafi yankan shinkafa wajen Zabarmari a kakar bara waccan, yaran daji suka fito musu da bindigogi. An kawo gawarwaki, ba a kawo tasa ba.

Bayan haka ne, cikin irin waɗannan kwanaki, Bintu ta yi jifa da ludayi ya fasa goshin Rahmat. Washegari Ya Zainaba, yayar Ajimi, ta zo ta ɗauke yarinyar zuwa Bulumkutu, ta ce mahaukaciya ba za ta riƙe mata 'yar ƙani ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, ƙwayoyin asibiti kuwa barci kawai suka iya sa ta. Sai wannan ɗaki na wata ƙungiyar agaji.

Yau Ya Zainaba na zaune a benci a bayanta, jaka a cinya, baki a taɓe. Ita ta zaɓi ranar da kanta. Ta ce sai ta ga Bintu da idonta a cikin kwanakin masifar kafin ta sakar mata yarinya.

"Wannan talabijin ɗin ne maganin?" ta tambaya.

"Hajiya, wayoyin suna sauraron ƙwaƙwalwa ne," in ji Rhoda. "In ta natsu hoto ya yi haske, in ta tashi ya dushe. A hankali kai yana koyon komawa daidai da kansa."

"Allah Ya kyauta."

Na'urar ta zo ne da finafinan teku da ƙanƙara, matan Borno suka kalla suka ce su ba su ga abin natsuwa a ciki ba. Shi ya sa ƙanin Rhoda, Manasse, ya ɗauko musu hoton gonar shinkafa da wayarsa a kakar bara.

Gonar ta bayyana a allon, iska tana kaɗa zangarniya. Can a ƙarshenta, kamar kullum, ga mutumin nan ya sunkuya da lauje, hula a karkace, kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Haka Ajimi yake sunkuyawa. Tun ranar farko Bintu ta gan shi, ta kuma lissafa cewa an ɗauki hoton ne bayan ɓacewarsa. Kusa da ƙarshen fim ɗin yakan miƙe ya juyo, amma ba ta taɓa ganin fuskar ba, domin da ya fara miƙewa sai zuciyarta ta buga, allon ya yi baƙi. Ba ta gaya wa kowa ba. Macen da ake ce wa mahaukaciya ba ta fitowa ta ce ta ga mijinta a talabijin.

Hoton ya fara dushewa. Tsoro ya kama ta, ga haushin numfashin Ya Zainaba a ƙeyarta. Ta saki kafaɗunta yadda aka koya mata. Ta tuna tabon da ke goshin Rahmat, da yadda yarinyar ke laɓewa bayan ƙofa in ta je ganinta. Ta bar mutumin a inda yake, ta bi iskar da ke ratsa shinkafa da ido.

Haske ya dawo. Mutumin ya miƙe, ya dafe ƙugu, ya juyo.

Wani dattijo ne mai farin gemu, da giɓi a bakinsa. Ya ɗaga wa mai ɗaukar hoto lauje, ya koma aikinsa.

Bintu ta jira allon ya yi baƙi. Bai yi ba. Gonar ta ci gaba da haske tar, kuma wannan ya fi ba ta tsoro, don ta gane kanta ya koyi zama ba Ajimi.

"Yau kam ba ki bari ya dushe ba har ƙarshe," in ji Rhoda da murna.

Sai suka ji shessheka daga baya. Ya Zainaba ce, jakarta ta faɗi ƙasa, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Wallahi na zaci shi ne," ta ce. "Kin ga kafaɗar? 'Yata, mayar da shi baya kaɗan, wataƙila ban duba da kyau ba."

Rhoda ta kai hannu ga na'urar, ta dubi Bintu.

"Bar shi, Sista. Ba shi ba ne, Ya Zainaba. Na daɗe ina dubawa."

Bintu ta fara ɓare wayoyin da kanta, ta goge man da bayan hannu, ta ɗaura ɗankwali. Ta tsuguna ta ɗauki jakar ta ɗora wa yayar mijinta a cinya.

"Gobe da hantsi zan zo ɗaukar Rahmat."

Ya Zainaba ta gyaɗa kai, ba ta juyo ba. Rhoda ta cire filogi, allon ya mutu, amma Ya Zainaba tana nan zaune tana kallonsa.