Gyaɗar Nababa

Da muka fara wasan mu bakwai ne, ni da mutum shida. A Zariya na koyo shi lokacin ina karatu, na dawo da shi Birnin Gwari na kafa shi a rumfar shagon ɗinkin Abarshi, duk Juma'a bayan la'asar. Ba wani abu mai wuya ba ne. Ni ne mai ba da labari, kowane ɗan wasa kuma yana da jaruminsa a ciki. In faɗi abin da ya tare musu hanya, mai jarumi ya faɗi abin da nasa zai yi, sai ya jefa ƙwayar ludo. Babbar lamba ya dace, ƙarama ya sha kashi. Marafan kwalbar lemo su ne jarumai, taswirar dajin kuma a bayan kwali na zana ta. Dajinmu na gaske ya daɗe da daina karɓar masu yawon buɗe ido, shi ya sa muka ƙirƙiri namu.

Ran jarumi kuwa gyaɗa ce. Kowanne yana da kwalin ashana cike da soyayyiya. Aka ji masa ciwo, in ɗauki ƙwaya ɗaya in tauna a gaban mai shi, ranar da kwalin ya ƙare kuma jarumi ya mutu ke nan. Abarshi yana cewa kwaɗayi ne ya sa na ƙirƙiro wannan doka, ni kuma ban taɓa musa masa ba.

Sai mutane suka fara zamewa. Japheth ya samu aikin walda a Minna, Salmanu ya yi aure ya koma noma a Gayam, sauran biyun Kaduna ta haɗiye su. Aka bar ni da jarumai shida a tsakiyar daji da 'yan wasa biyu, Abarshi tela da Bakoji makiyayi, wanda ke zuwa daga rugarsu a kan babur. Zuciyata ta ƙi yarda in kashe na waɗanda suka tafi, sai na raba su. Abarshi ya karɓi biyu. Bakoji ya karɓi mai maganin Salmanu da maharbin Japheth mai suna Nababa, ya haɗa da nasa, Jaji mai sanda.

Abarshi bai ba ni mamaki ba. Duk ramin da ya gani sai ya tura jarumin wani ya leƙa, na kuwa ci gyaɗarsu har na gode Allah. Bakoji ne ya tsaya mini a rai. Kura ta fito, Jaji ne gaba. Gada ta karye, Jaji ne zai gwada ta. Nababa, wanda kibiyarsa ba ta kuskure, yana can baya yana gadin jaki.

Na fara yi masa tarko don in gane. Na rataye ƙahon zinariya a kan wani rimi, inda kibiya kaɗai za ta sauko da shi. Bakoji ya sa Jaji ya hau, ya faɗo, na tauna gyaɗa biyu. Na yi zaton ko ya manta Nababa na hannunsa ne, to amma kullum marfin Nababa yake fara gogewa da gefen rigarsa kafin ya ɗora shi a kan taswira. Damina ta wuce, wata ta zo, muna a haka. Abin ya riƙa cina, don ina son Jaji, kuma na san Bakoji ya fi ni sonsa.

Ranar da abin ya zo wuya, tawagar ta iso bakin wani rafi, wani ƙaton kada ya tare mashigi. Na faɗa musu a fili cewa fatarsa ba ta jin sanda, sai dai maharbi ya hau dutsen da ke tsakiyar ruwa ya harbe shi a ido. Na buɗe kwalin Jaji na nuna wa kowa. Gyaɗa ɗaya tal ta rage.

Bakoji ya ɗora yatsa a kan marfin Jaji, ya tura shi bakin ruwa.

Abarshi ya cire ƙafa daga kan keken ɗinki. "Kai, Bakoji, kanka ɗaya kuwa? Ga maharbi nan a zaune yana ƙiba!"

Na dafe ƙwayar ludon na hana shi ɗauka. "Ba za ka jefa ba sai ka faɗa mini dalili. Shekara guda ke nan ina son in sani."

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. "Malam Naziru, a wurinmu in wani ya ba ka saniyarsa ka riƙe masa, tasa ce ke kwana a tsakiyar garke, taka a bakin shinge. In kura ta zo ta ɗauki taka. Ba ka tsallaka ruwa da ta mutane sai mai ita ya sani."

"To ai ni na ba ka shi."

"Ai ba naka ba ne. Na Japheth ne. An tambaye shi?"

Abarshi ya tuntsire da dariya. "Marfin kwalba fa ne, bawan Allah."

"Marfin Japheth," in ji Bakoji, ko murmushi bai yi ba.

Na ciro waya. Sai da na fita tsakiyar titi na ɗaga ta sama kafin layi ya shiga, na dawo da sanɗa na ajiye ta a kan taswira, murya a buɗe. Ƙarar ƙarfe ta cika rumfar, can muka ji Japheth yana sallama. Na yi masa bayani a gurguje.

Sannan ya ce, "Nababa na nan da rai? Wallahi na ɗauka kun daɗe da binne shi."

"Ko ƙwarzane babu a jikinsa," in ji Bakoji.

"To ya hau dutsen mana! Me yake jira?"

Na miƙa wa Bakoji ƙwayar, ya maƙale kafaɗa. "Mai shi ya zo. Shi zai jefa."

Japheth ya ce mu ba shi minti ɗaya. Muka ji takunsa, muka ji yana roƙon masu ludo a teburin mai shayi su ara masa ƙwaya. Wani yana tambayarsa me zai yi da ita, ya ce kada zai harba. Sai ƙarar ƙwaya a kan katako. Babu mai ganinta sai shi, kuma da ya ce shida babu yadda za mu yi. Na dubi Bakoji, ya ƙura wa kwalin Jaji ido.

"Biyu," in ji Japheth. "Kai, hannuna ya yi tsatsa."

Kibiya ta wuce ta faɗa ruwa, kada ya juyo. Doka kuwa a bayyane take, wanda ya fi kusa shi yake kai wa cizo, kuma yanzu Nababa ne a kan dutse, Jaji na can bakin gaɓa. Na jawo kwalin Nababa, da ƙyar ya buɗu. Gyaɗar tana nan cike maƙil, tun wadda Japheth ya zuba da hannunsa kafin ya tafi. Na jefa ɗaya a baki. Ta yi laushi, ta yi ɗaci, sai da na runtse ido kafin na haɗiye. Ban taɓa jin daɗin mummunar gyaɗa irin na ranar ba.

Bakoji ya kawar da kai har na gama taunawa. Japheth kuwa dariya yake ta yi a waya, yana cewa kada mu kuskura mu sake zama ba mu kira shi ba, zai sayi ƙwayarsa ta kansa.

Da layin ya yanke, Bakoji ya ɗauki marfin Nababa ya goge shi, ya ajiye shi a gefen taswira inda Japheth yake zama a da. Ya girgiza kwalin Jaji a kusa da kunnensa, gyaɗar nan ɗaya ta yi ƙara, ya sauke numfashi. Sannan ya ɗauko marfi na ƙarshe da ya rage a gabansa.

"Saura mai maganin Salmanu," ya ce. "Kana da lambarsa?"