Ranar Da Ba A Taɓa Inji

Dhaneshwar direba ya cusa tukar rake cikin murhun 'Yar Jamus, ya ƙyasta ashana. Shi da kansa ya kashe mata wuta jiya, ya wanke ta fes, ya rataya mata furanni, domin yau ce ranar bautar Vishwakarma, abin bautar maƙera da masu injuna, ranar da ko guduma ba a ɗagawa a masana'antar sukarin. Sai ga shi 'yarsa Kusmi ta kwana tana naƙuda, ungozoma ta ce jaririn a gicciye yake, in ba asibiti ba, babu. Ambaliya kuwa ta cinye hanyar mota. Layin dogo ne kaɗai ya rage a saman ruwa.

'Yar Jamus ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa ne mai tururi, da tankin ruwanta a kafaɗu, ta girmi uban Dhaneshwar. Aikinta tura taragon rake daga wannan layi zuwa wancan a cikin fili. Rabonta da fita ƙofar masana'anta har an manta.

Pandit Girdhari, mai jagorantar bautar, ya iso yana haki, ya ce wannan saɓo ne, yau injuna hutawa suke. Dhaneshwar ko kallonsa bai yi ba.

"Pandit, 'yata ce," ya ce. "In akwai zunubi, a kaina."

Tukunyar tururi dai ba ta san gaggawa ba. Kwal ya jiƙe sharkaf, hayaƙi kawai yake yi, allurar ma'aunin tururi ta kwanta kamar an buga mata ƙusa. An shimfiɗe Kusmi a kan buhuna cikin tarago ɗaya, uwarta na riƙe da kanta. Dhaneshwar na jin duk nishin da take yi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba.

Jagdeo mai zuba kwal ya ruga ya tumɓuke gorar rumfar bautar. Wasu suka farfasa bencina. Can sai ga Pandit ɗin, wanda ɗazu yake ta kumfar baki, rungume da gwangwanin man shanun hadaya. Ya miƙa shi yana kallon gefe.

"Wuta dai wuta ce," ya ce. "Zuba, kafin in canza shawara."

Wuta ta kama da ƙarfi. Jagdeo ya ja Dhaneshwar gefe ya ce tsohuwar tukunya ba a yi mata wannan zafi farat ɗaya, bututunta zai tsage. Dhaneshwar ya fi shi sani. Ya ce ya ci gaba da zubawa.

Suka fita ƙofa da furanni na lilo a gaban inji, ruwa hagu da dama kamar teku. Ba su yi rabin hanya ba 'Yar Jamus ta fara yoyo, ruwa na tsartuwa cikin murhu. Dhaneshwar ya dinga lallashinta kamar mai lallashin tsohuwar saniya, yana ce mata saura kaɗan, Uwata, saura kaɗan. Ya juye mata ruwan tanki kaf, ta shanye, tana neman ƙari.

Da kyar ta ja jiki ta shiga tashar gari. Tashar cike take maƙil da waɗanda ambaliya ta koro, mata da yara da awaki, wasu har kan layi suke girki. Yara suka yanyame inji suna tsinkar furanni. Asibiti na nan tsallaken titi.

Dhaneshwar ya leƙa gilashin da ke nuna ruwan tukunya. Babu ko ɗigo, ga wuta na ci ganga-ganga a ƙarƙashin busasshiyar tukunya. In ba a kwashe wutar nan yanzu ba, tukunyar za ta fashe a tsakiyar mutane. Jagdeo kuwa ya riga ya dira, ya kama gefen buhun da aka ɗauko Kusmi.

Suka wuce da ita ta gefen inji. Leɓunanta sun yi fari. Ta buɗe ido da kyar, ta miƙo masa hannu.

"Baba, zo mu tafi. Tsoro nake ji."

Ƙafarsa ɗaya ta riga ta sauka kan matakala. Ya dubi hannun nan, ya dubi yaran da ke wasa a gindin tukunya. Ya mayar da ƙafar, ya juya mata baya, ya ɗauki shebur. Tana ta kiransa har suka tsallaka titi, shi kuwa yana kwasar garwashi.