Mutumin da Luqman Ya Kashe

Luqman yana cire takalmi a ƙofar gidansu da ke unguwar Rusaifa a ƙasa mai tsarki ya ga takalman mata birjik, kamar gidan da aka yi rasuwa. Daga Dubai yake, gira a ɗinke. Can yake damben keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Yanzu wani kamfani na birnin Manama, abokin hamayyar kamfanin da yake wa dambe, yana zawarcinsa, ya kuwa rantse ba zai koma wurinsu ba sai da yardar mahaifiyarsa. Sau biyu tana hana shi.

Ya sami Inna Rumasa'u a zaune maƙwabta sun kewaye ta. Ba ta amsa sallamarsa ba.

"Wa ka kashe?"

"Ni, Inna?"

"Mailafiya ya gani a waya. Har saman bene na jiyo shi yana cewa ka yi kisa. Nan ƙasar wanda ya kashe, kashe shi ake yi, ka sani."

Aka kirawo Baba Mailafiya daga shagonsa na shayi. Tsohon ɗan dambe ne daga Gummi, ya zo aikin Hajji tun yana saurayi bai koma ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Hajiya, maganar dambe ce. A wurinmu in ka kai mutum ƙasa, ka kashe shi ke nan. Ni kaina an kashe ni ya fi a ƙirga, ga ni ina sayar da shayi."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta rufe baki da mayafi. Inna ko murmushi ba ta yi ba.

"Sai na gan shi da idona."

Luqman ya kira Rustam, ɗan Tajikistan ɗin da ya kayar, ta bidiyo. Ya bayyana a falon wani otal, ido ɗaya a kumbure ya rufe ruf, yana cin ayaba. Ya ɗora hannu a ƙirji ya yi wa Inna sallama.

Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallonsa.

"Musulmi ne ma. Yana da uwa?"

"Yana da ita."

"Ita ma haka ta ga idon nan." Ta juyo wajen ɗanta. "In ka zauna a kamfaninku, za su sake haɗa ku?"

"Haka suke yi, Inna."

"To halas, shi ke nan, koma na Manaman. Na yarda. Ka bar wa matar nan ɗanta."

Mailafiya ya ce, "Allahu akbar! Kisa ya yi rana."

"Kai kuma rufe mini baki."

Luqman ya karɓi wayar, ya gaya wa Rustam da Turanci cewa zai koma Manama. Rustam ya yi dariya har ya dafe haƙarƙari, ya ce ai shi ma sun ɗauke shi. Ramuwar da ke tsakaninsu suke so su buɗe shekara da ita.

Matan sun fara neman takalmansu. Inna tana zuba masa shayi ta ce, "Me ya ce?"

Luqman ya kife wayar a cinya.

"Ya ce yana gaishe ki."